Mai shan taba a ɓoye, wa zai taimaka mata ta bari?

Na san wata matar aure da ta shafe shekaru tana shan sigari a banɗaki. In ta gama sai ta kunna turaren wuta, ta tauna kanumfari, ta sauya hijabi. Ta sha yin rantsuwar bari, amma kwana uku kai ya ɗau ciwo, barci ya ƙaurace, ta yi ta yi wa yara faɗa ba gaira ba dalili, sai ta koma. Da na tambaye ta ko ta taɓa gaya wa likita, cewa ta yi: "Yaya, da wane baki?"

Namiji ya kunna tabarsa a majalisa ba wanda zai tanka. Mace kuwa ana jin warin a jikinta an gama yanke mata hukunci. Wannan kunyar ba ta hana 'yan mata zuwa gidajen shisha ba, neman taimako kawai ta hana su.

Abin da ke damun baiwar Allahn nan ba rashin tarbiyya ba ne. Sinadarin nikotin da ke cikin taba na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, jiki ya saba, in aka janye ya yi bore. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, ta lafa cikin makonni. Kuma akwai magani. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin taimaka wa manya su daina taba: shawarar ma'aikacin lafiya, haɗe da cingam ko filastar nikotin, ko ƙwayoyi irin su varenicline. Mai juna biyu dai kada ta taɓa su sai da izinin likita.

Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18. Madalla, amma wadda ta riga ta kamu fa?

A ganina wurin da za a same ta shi ne ɗakin awon ciki da na tazarar haihuwa. Taba na jawo ɓari, haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Macen da ta kai 35 tana shan taba, wasu ƙwayoyin tazarar na ƙara mata haɗarin daskarewar jini. Don haka a riƙa tambayar kowace mace, har da batun shisha da taba gari. Amma ba a kan layi ba, gaban maƙwabta da dangin miji. Ma'aikaciya ta rufe ƙofa, ta sassauta murya, ta tabbatar mata maganar ba za ta bi ta gida ba.