Kada Mu Ɓuya a Bayan "Haka Allah Ya So"

Ƙannena a cikin Ubangiji, akwai maganar da nake yawan ji a bakinmu, kuma ta daɗe tana damuna. Kwanan baya, da aka tashi daga zumuntar matasa, wani yaro da nake ƙauna ƙwarai ya miƙo mini takardar sakamakon jarrabawarsa a ninke huɗu. Ya faɗi darussa uku. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Yaya, haka Allah ya so." Ni kuwa na san wata uku ke nan bai taɓa littafi ba, na kuma san wayarsa ce ke cinye masa dare. Na ce masa ya zauna.

Kada wani ya ce na musanta ikon Allah. Yesu da kansa ya faɗa a Matiyu 10:29 cewa ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da yardar Uba ba, Afisawa 1:11 kuma ta ce yana aikata kome bisa ga nufinsa. A kan wannan na kafa raina. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mu ɗauki gaskiya mai girma haka mu lulluɓe lalacinmu da ita.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus yana ɗaure, ana kai shi Roma a jirgin ruwa, su 276, hadari ya kama su har suka fid da rai. Mala'ika ya zo wa Bulus da dare ya ce ba ran da zai salwanta, jirgin ne kaɗai zai tafi. Allah ya yi magana, an gama. To, a dare na 14, matuƙan jirgin suka auna zurfin ruwa suka ga ƙasa ta yi kusa, suka saki anka huɗu, wato ƙarafan da ke tsai da jirgi, daga baya. Sai suka fara zura ƙaramin jirgi cikin ruwa a asirce, wai za su saki wasu anka daga gaba, alhali gudu za su yi. Bulus ɗin nan da ya ji alkawari da kunnensa bai naɗe hannu ba. Ya juya wurin jarumin da ke tsaronsa da sojojinsa ya ce musu in mutanen nan ba su zauna cikin jirgin ba, ba za su tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Wajen asuba ya matsa wa kowa ya ci abinci domin ya sami ƙarfi. Da jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka yi iyo, saura suka rungumi katako, dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita. Bakin Bulus ne ya ce ba wanda zai mutu, shi ne kuma ya ce in sun tafi ba za ku tsira ba. Allah da ya ƙaddara tsirarsu, shi ya ƙaddara ta biyo ta hannun matuƙa da wuƙar soja da iyo.

Inda abin ya fi nauyi shi ne batun zunubi. Na sha jin saurayi ya ɓata rayuwar yarinya ya ce ƙaddara ce. Ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah. Yaƙub 1:13 ta hana kowa ya ce Allah ne ya jarabce shi da mugunta. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa Allah ya nufi abin da alheri, amma a cikin numfashi ɗaya ya ce su mugunta suka nufa, bai wanke su ba. Ranar Fentikos Bitrus ya ce an ba da Yesu bisa ga ƙaddararren nufin Allah, ya kuma dubi taron ya ce ku kuka kashe shi. Maganar ta soke su a zuci, suka tambaya me za su yi, ya ce su tuba. Wanda ba shi da alhaki ba a ce masa ya tuba.

Na san wasunku sun fara karanta muhawarar malaman ikilisiya na dā a kan ikon Allah da zaɓin mutum, kamar ta Agustin da Felajiyus, da ta almajiran Kalbin da na Arminiyus wadda ta kai ga taron Dort a ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619. Ku karanta, yana da amfani. Amma ku lura, duk zafin gardamarsu, ba ɓangaren da ya koyar cewa mai zunubi ba shi da laifi.

Ke kuma 'yar'uwata da kika yi iyakar ƙoƙarinki, kika yi addu'a, kika kwana a gefen gadon mara lafiya, duk da haka kika rasa shi, ba da ke nake ba. Ki daina tuhumar kanki, ki jingina ga ikon Allah ki huta.

Yaron nan ya daɗe shiru yana murza takardar a hannunsa, sannan ya ce, "Yaya, ni ne ban yi karatu ba." Muka durƙusa muka yi addu'a a wurin. Ya sake yin rajistar jarrabawar, kuma tun daga ranar wayarsa a ɗakin mahaifiyarsa take kwana.