Kafin jam'iyyu su dawo, wa ke da ikon shiga kongire?

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar a watan Maris na 2025, duk fadar da ka zauna a Zinder maganar ɗaya ce, wai idan za su dawo kar su wuce uku ko huɗu. To ni yawansu bai dame ni ba. Abin da ake tsallakewa shi ne wa zai shiga ɗakin kongire, wato babban taron jam'iyya, ya ɗaga hannu a ƙirga da shi.

Mu 'yan Damagaram ba labari aka ba mu ba. CDS-Rahama ce ta kai Mahamane Ousmane kujerar shugaban ƙasa a 1993, rikici da ɓangaren Abdou Labo ya kai su gaban alƙali, ƙarshenta a 2016 da tutar MNRD-Hankuri ya yi takara. MNSD-Nassara ma ta tsage, Albadé Abouba ya kafa MPR-Jamhuriya a 2015. A irin wannan faɗa kowa cewa yake delegensa ne na halal, kuma talakan da ya sha rana a mitin ba wanda ya tambaye shi.

Ai mun san yadda ake yi. Ana jibi taro kati zai fito daga but ɗin mota, sabo fil ko hoto babu, a raba ma 'yan kabu-kabu da jika bibbiyu, su cika kujeru, ita kuwa tsohuwar da ta shekara goma tana biyan kuɗin ƙungiyar mata a Birni ko Garin Malam a tsayar da ita bakin ƙofa wai ba sunanta a takarda. Wallahi abin da ciwo.

A jihar Iowa ta Amurka sai ɗan jam'iyya mai rajista ke shiga taron fidda gwani, amma ana iya yin rajistar nan take a ƙofa. Wannan kam kar mu ɗauko, a nan motoci za a ciko daga ƙauyuka. Wanda ya dace da mu shi ne barin ɗan shekara 17 ya shiga in zai cika 18 kafin babban zaɓe, don matasanmu su ne masu yawa.

Ya kamata sabuwar dokar jam'iyyu ta ce sai wanda sunansa ya yi wata shida a rajista, a liƙa sunayen a biron unguwa kowa ya gani, mai ƙorafi ya yi tun da wuri, kuma kofi ɗaya ya tafi kotu yadda shugaban jam'iyya a Yamai ba zai iya goge sunan kowa da dare ba.