Koren kunkuru a kwamfutata

Daren Juma'a na ƙudura sai na koyi Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta kamar Windows, ba tare da na taɓa Windows ɗina ba. Na saka VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfutar a cikin taka, na sauke Ubuntu, wani nau'in Linux, kusan giga 6 na data, na gyara zama kamar injiniya. Ina danna maɓallin tayarwa sai ga saƙo da Turanci, wai an kashe VT-x a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Na ce a'a, fayil ɗin ne ya lalace a hanya. Na sake saukewa. Wata giga 6 ta bi 'yar'uwarta, saƙon nan ko waƙafi bai canza ba.

Da safe na haɗiye girman kai na kira ɗan yayata.

"Kawu, fayil ba ruwansa. Firosesarka na iya goya wata kwamfutar a cikinta, Intel na kiran abin VT-x, a BIOS ɗin AMD kuma SVM za ka gani. Kulle shi aka yi. Kashe ka kunna, ka riƙa danna F10 tunda HP ce."

Sau huɗu Windows tana riga ni shigowa. A na biyar na hau maɓallin da kiɗa kamar makaɗin kalangu, har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Na shiga, na kunna abin, na fito ina murmushi. Saƙon na nan daram.

"Kawu, ka adana kafin ka fita kuwa?"

Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru, irin na ladabi mai ciwo.

Da na gyara, Ubuntu ta tashi, amma tafiyar hawainiya. Girkawa kaɗai ta kai ni tsakar dare. Can ƙasan allo ga wani ɗan koren kunkuru, ni kuwa na ɗauka ado ne. Ashe alama ce Hyper-V, takwaran VirtualBox na Windows, ya riga ya ƙwace VT-x, VirtualBox sai dai ta ci saura. Kishiyoyi biyu, murhu ɗaya. Wa ya kunna shi? Ni, watannin baya, ina bin wani bidiyo da ban ko ƙarasa kallo ba.

Na cire wa Hyper-V alama a jerin fasalolin Windows, na sake kunna kwamfuta. Kunkuru ya ɓace, Ubuntu ta buɗe kamar walƙiya, ta nemi kalmar sirrin da na saka ƙarfe ɗaya na dare ina gyangyaɗi.

Yaron nan har yanzu bai ɗaga wayata ba.