Kalmar sirri ta ishe ni

Jiya da dare na zauna zan sayi waƙa ɗaya tak, sai manhajar ta ce wa'adin kalmar sirrina ya cika, in sake sabuwa. Na sake. Ta ce babu babban baƙi. Na sa. Ta ce ina lamba, ina alama? Da na haɗa komai, wai ta yi kama da tsohuwar. Ikon Allah! Tsohuwar da ni kaina na manta?

Abin da ke ƙona mini rai, wahalar nan ba ta ƙara wani tsaro. Wanda aka matsa wa ya canza duk wata uku, lambar ƙarshe kawai zai juya, 1 ta koma 2, ko ya rubuta a takarda ya manna a jikin kwamfuta. Masu kutse kuwa sun fi kowa sanin haka. Tun 2017 NIST, hukumar Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta ba da shawarar a daina tilasta canjin nan sai in akwai alamar an sace kalmar, kuma jimla mai tsawo da mutum zai iya tunawa ta fi tarkacen alamomi. Amma wasu ko a jikinsu.

Sai lambar tabbatarwa da aka ce an turo. Na zuba wa waya ido, shiru. Na danna a sake, sai ga biyu tare, na sa ta farko aka ce ta mutu. Na kife wayar na kwanta, waƙar ma ta fita raina.