Da an bar layin dogon ma da sauƙi

Wallahi labarin da na gani na wata tashar jirgin ƙasa da aka rufe a wani ƙauye a Birtaniya ya taɓa min zuciya, musamman hoton da ciyawa ta cinye wajen jiran jirgi ga agogo ya tsaya cak a bango. Tana cikin tashoshi sama da 2,300 da rahoton 1963 na Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya ce a rufe, wai ba riba tunda motoci sun kwashe fasinja da kaya. To tsohuwar da ba ta da mota fa, da ɗan makaranta, wa ya lissafa da su? Ni abin da ya fi min ciwo ɓamɓare layin dogon da akai, da an bar shi ai yanzu gyara kawai za ai jirgi ya dawo.