Abin da ya faɗo daga hulata

Tun ranar da lokotoro ya ɗaura mini abin awo ya ce tansiyon ɗina 17/10, wato hawan jini, gidanmu ya koma barikin soja. Ya rubuta ƙwayar da zan riƙa sha kowace safiya, ya ce gishirin da zai shiga cikina a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke laɓe cikin burodi, sardin, taliyar leda da yajin tsire. Dunƙulen magi kuwa, kusan rabinsa gishiri ne. Ya ce a rage sannu a hankali, in ana jefa huɗu a tukunya a koma biyu, daga nan ɗaya, domin harshe sai ya yi makonni kafin ya saba. Uwargida tana gefe tana gyaɗa kai, ashe wannan ta ƙarshen ce kaɗai ba ta ji ba.

Rana ɗaya ta kwashe komai. Magi, arom, gwangwanin tumatir, har kanwar da ake jefa wa wake, wai ita ma sodiyom ce, sinadarin nan da ke cikin gishiri. Da gaskiyarta, na tambaya. Miya ta koma daudawa, albasar da aka soya har ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, sai a matsa lemun tsami bayan an sauke. Yanzu ina jin daɗinta, amma a makon farko kamar ruwan wankin kwano.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Kullum a fada ina wa'azi, ana zuba shayi ina juya gwangwani ina nuna musu: inda aka rubuta sodiyom a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Har suka laƙaba mini Lokotoro. Kwana goma sha biyu na yi, ran na sha uku na zagaya wani shago can unguwar Zariya inda ba a san ni ba, na sayi dunƙule biyu. Aljihu ba wurin ɓuya ba ne, ita ke wanki. Sai na cusa su cikin naɗin hula, da niyyar in marmasa kaɗan kaɗan in ta juya baya.

Washegari akwai bikin suna a unguwar Bagalam, gidan surukai. Kun san rumfar da suke kafawa ƙofar gida, kun kuma san tsawona. Na tuɓe takalmi, na sunkuya zan durƙusa gaban Baba, igiyar rumfa ta ɗauke hular. Ba faɗuwa ta yi ta zauna ba, gangarawa ta yi bisa tabarma kamar taya, ta zubar da ɗaya gaban liman, ɗayan ya mirgina ya tsaya daidai babban yatsan ƙafar Baba. Takardarsa sai ƙyalli take cikin rana. Ni kuma ga ni tsugune, kai ba hula, sanƙo a fili, "ina kwana" ta maƙale a wuya. Baba ya dubi abin, ya dube ni, ya sake duban abin. Ya ce, "Malam, laya ce?"

Da an bar ni da Baba, da magana ta mutu nan. Sai tela. Wa ya gayyace shi ma? Ya rarrafo ya ɗauki na gaban liman, ya ɗaga sama kamar mai gwanjo, ya ce, "Lokotoro, wannan sau nawa za mu ninka?" Har mai rabon goro sai da ya ajiye faranti. Mutumin da shaddata ke hannunsa tun kafin ƙaramar salla, na ba shi jaka biyar kafin alƙalami, kullum "jibi in Allah ya so, an ɗauke wuta". Keken nasa na ƙafa ne, jama'a! Shi da ke karyawa da taliyar leda biyu da sardin a kai, ya zazzage duk garin ƙunshin ciki, wuyansa kamar na raƙumi mai fushi, ya ƙi zuwa awo wai in ba a auna ba babu ciwo.

Kafin in mayar da hula labari ya shiga cikin gida. Na ji guɗa, ban sani ba ko ta jaririn ce. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka koma, yanzu dai hula ma ta shiga jerin kayan da ake cajewa.

Awon da ya wuce 14/9. Dunƙulen biyu kuwa tela ya zuba aljihu ya tafi da su, shaddar ma har yau.