Ba asiri ne ya hana bindigar tashi ba

A Katsina, idan ƙaramar bindiga ta ƙi tashi, sai ka ji ana cewa maganin bindiga ne ya ci ta, ko harsashin ne ya lalace. Ba a tambayar ko wani ya taɓa kunamarta.

Sau da yawa nan matsalar take. Mai son kunama ta yi laushi yakan goge ƙarafan ciki ko ya rage ƙarfin sifirin. Sai allurar da ke cikin bindigar ta daina bugun gindin harsashi da ƙarfin da zai tayar da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaya ɓangaren: ƙarfen da ke riƙe da allurar, in aka cinye bakinsa, yana iya sakinta bindigar ta tashi, ko da faɗuwa ƙasa kawai ta yi, kuma makullin kariyar da aka taɓa ba abin dogaro ba ne.

In ta ƙi tashi, kada a leƙa bakinta, domin harsashi yana iya yin jinkiri sannan ya tashi. A juya ta inda babu mutum, a dakata, a cire harsasai, a miƙa ta ga jami'in ma'ajiyar makamai. Dokar makamai ta 1959 ta hana gyaran bindiga ba tare da izini ba.